Rabin Teburin Zurmi

Jiya da munka dawo daga Shinkafi, ko wanka ban yi ba na buɗe guruf, sai ga wani ɗan aji ɗaya ya rubuta wai, "Shirya gasar tebur tanis mi ke ciki? Tebur ne da ƙwai, kowa ya zo ya buga." Har wasu sun sa mashi alamar dariya. To madalla. Ku gyara zama, ƙannena. Wayata cike take da caji, yatsana bai gaji ba, kuma yau cikin murna nake, don haka ba zan zagi kowa ba. Bayani zan yi maku, in kun gama karantawa wanda ya ga zai iya ya ɗaga hannu.

Ni ne Bashar, wanda kuke ce ma Alƙali. Kun san ni da jakar littattafai ina gudun lacca, amma wagga sana'a tun muryata ba ta fashe ba nake cikinta. A hannun Oga Sani Kafinta na koya, nan Kaura bayan tasha, inda yake da rumfar aiki da tebur ɗaya a gefe yana ba da haya. Ranar da na je na ce ina son in koyi wasa, ko kallona bai yi ba. Sanfefa ya miƙo mani, takardar nan mai kaushi ta goge katako.

"Goge," ya ce.

"Oga, bugu na zo koyo."

"Wanda bai san katako ba mi zai buga bisanai? Goge."

Haka na yi ta guga har tafin hannuna ya yi kanta. Yara sa'o'ina suna can suna simash, bugun ƙarfin nan, suna ihu, ni ina durƙushe ina shaƙar garin katako. Da na gama sai ya ɗauko kwalbar lemo ya tsayar bisa tebur, ya saki ƙwai daga bakinta. Ƙwai dai kun sani, farar ƙwallon nan ce mara nauyi. In tebur na da lafiya, ƙwai zai tashi ya kusa wuyan kwalba. In bai wuce tsakiyarta ba, wurin ya mutu. Sai ya sa na bi teburin nan kusurwa-kusurwa ina saki ina kallo, har na zan ko idona rufe in na ji ƙarar na san inda katako ya sha ruwa. Ƙas, lafiya lau. Ɗuf, akwai matsala. Har yau in na shiga wuri na ji ana buga tanis, kunnena ke riga idona.

Daidaita ƙafafu wani aiki ne daban. Ƙasarmu ba siminti ba ce ko'ina. Za ka aza ƙwai tsakiyar tebur ka sake shi, in ya gangara hagu ka san ƙafar hagu na son ƙari. Ba dutse ake sawa ba, dutse na zamewa. Tsohon silifa ake yankawa sala-sala a cusa. Ni duk silifan da anka yar a unguwarmu na san inda suke. Raga kuwa, ta kanti ba ta jure hannun mutanenmu, da an ci mutum sai ya finciko ta. Tsohon gidan sauro Oga ke yankawa, tela ya kafa mashi farin ƙyalle a baki, a ɗaure da igiyar roba. Bat, abin bugun, in robarsa ta ɗaga, wurin mai faci za ka, ya ɗan shafa maka gam ɗin taya, ka danne da dutsen guga. Ƙwai in ya loɓa ba a yar da shi. Ka ruga wurin mai shayi ka roƙi ruwan zafi a kofi, ka jefa, loɓar ta taso da kanta. In ya tsage kam sai haƙuri. Mai shayinmu har ya gaji da ni, da ya hango ni sai ya ce, "Ga mai dafa ƙwan da ba a ci."

Sai mutane, su ne babban aikin. Akwai 'yan makaranta masu zuwa da yunifom cikin jaka, su kana bugu kana leƙen ko babansu na tafe. Akwai 'yan kabu-kabu, su ba su da lokaci, gem ɗaya tsaye da makulli a baki. Akwai wani mahauci da ke zuwa da hannu duk maiƙo, in ya riƙe bat sai an wanke da omo kafin wani ya taɓa, kuma ba ka isa ka gaya mashi ba. Akwai masu zuwa su ce a sa wani abu bisa wasa. Su kam, Oga Sani ko gardama ba ya yi da su, raga kawai yake kwancewa ya naɗe ya shige rumfa. "Teburina ba na caca ba na," iyakar maganarsa ke nan. Akwai kuma wanda in an ci shi laifin tebur ne, laifin rana ne, laifin wanda ya yi tari ne. Irin wanga ka koyi yi mashi shiru. Alƙali ba ya bayani sau biyu, in ka yi sau biyu ka zama abokin gardama.

Yanzu bari in zo kan gasar kanta, wadda kuke ganin kamar shan ruwa.

Abu na farko iska. Wasan yamma a waje ba komai, kowa na dariya. Amma gasa, inda mutum ya taso daga wani gari da sunan garinsu a kai, iska ta kwashe mashi ƙwai a maki na ƙarshe? Sai an raba faɗa. Shi ya sa gasarmu cikin sito ake yin ta, siton hatsi. Kuma sito ba ya zama wofi sai ƙarshen damina, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai shigo ba. Wagga 'yar tazara ita ce lokacinmu duk shekara. Akwai Alhajin da ke ba mu aron nasa nan Kaura, haka Shinkafi, haka Zurmi, ana zagayawa. Za ka share, ka kori ɓeraye, ka toshe tagar da ke jefo rana cikin ido, ka yayyafa ruwa don ƙasa ta kwanta amma ba da yawa ba don kar a zame. Da buhun farko ya iso ƙofa, gasa ta ƙare ko an kai fainal ko ba a kai ba.

Abu na biyu shi ne wanda babu shi ko'ina sai wurinmu, rabi da rabi. Tun kafin in shigo, da anka fara haɗa garuruwan nan uku, kullum rigima. In an buga a Kaura, 'yan Shinkafi su ce mun san inda teburinmu ya mutu muna aika ƙwai can. Kuma gaskiya ne, mun sani. In an je Zurmi mu ma mu yi wannan kukan. Sai Oga Sani ya ɗauko zarto ya raba gardama. Ya ce kowane gari ya yi rabin tebur nasa, awo ɗaya, tsayi ɗaya. In Kaura za ta kara da Zurmi, a haɗa rabin Kaura da rabin Zurmi, a ɗaura raga bisa mahaɗar. Ana gama gem a yi canjin gefe. Ka san ramin gidanku, shi ma ya san na gidansu, kowa ya sha daidai. Ya kuma kafa doka ɗaya: gari na cikin gasa in ya kawo rabinsa da mutuminsa. Garin da ya yi fashi ya fita, a ba wani gurbin, ba roƙo. Ya yi haka ne saboda wata shekara 'yan Shinkafi sun yi fushi sun ƙi zuwa, anka share sito a banza.

To ka ɗauki rabin tebur ka kai wani gari, sannan ka zo ka ce mani mi ke ciki. Direba zai ce ba wuri. Kwandasta zai aza maka buhun albasa bisa. Akuya za ta taka. Ruwa zai sauko a hanya, katako ya sha ya bankare kamar kwanon tuya. Ni na taɓa zama bisa bodin mota tun daga Kaura har Zurmi na rungume rabinmu da leda kamar mai jinya.

Shekarar da Oga ya miƙa mani ragama ita ce mummunar shekara. Idonsa ya fara ba shi matsala, ba ya ganin ƙwai in ya taɓa gefe, sai ya kira ni ya ce, "Bana kai ad da gasa. Ni kallo za ni yi, shi ma da kunne." Na yi murna har na kasa cin tuwo. Ban san abin da ke tafe ba.

Kun tuna shekarar da anka kashe netiwok. Wasunku lokacin ba ku da waya, ba ku san zafin ba. Ni da ke tura saƙo ina tafiya ina cin gyaɗa, sai ga waya ta koma tocila. Yatsana har ƙaiƙayi yake. An rufe kasuwannin mako, hanya ta zama abin da ta zama saboda mutanen daji, mota ba ta fita sai an taru an bi bayan jami'an tsaro. Kaura ta cika da baƙi daga ƙauyuka, kowane gida da wanda ya sauka. Kuma shekarar mu ke da karɓar gasa.

Mutane da yawa sun ce a bari. Wani dattijo a masallacinmu ya tare ni ya ce, "Bashar, ana wanga hali kuna ƙas-ƙas da ƙwallo?" Na ce, "Baba, an hana mu kasuwa, an hana mu waya, an hana mu hanya. In mun bar wannan ma da kanmu, mi ya rage ba su karɓe ba?" Ya girgiza kai ya wuce. Ban ce ya yarda ba.

Na aika saƙon baki ta direbobi, na share sito. 'Yan Shinkafi sunka iso cikin ayari, mutum uku kacal da rabinsu, kyaftin ɗinsu Jamilu ya sauko fuska duk gajiya yana cewa, "Alƙali, in ba a ba mu shinkafa da nama ba wallahi komawa za mu yi." Zurmi shiru. Ba Murtala, wanda ke riƙe da tawagarsu, ba saƙo, ba kowa.

Ana haka wata babbar mota ta shigo tasha daga wajen Zurmi, cike da katifu da tukwane da mata da yara. Direban ya leƙo yana tambaya, "Wa as Sani Kafinta?" Na ce ni yaronsa ne. Ya nuna saman kaya. "Ga katakonku can. Wani Murtala ya aza shi, ya ce a kawo nan."

"Shi yana ina?"

"Ni katako anka ba ni, ba mutum ba."

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce kar a aza mai kaya bisa. Na aza. Sauke abinka in wuce."

Da munka sauke na warware buhunan da anka naɗe shi da su, sai warin fenti ya buge ni. Sabon fenti kore, ko bushewa bai gama yi ba anka naɗe, har saƙar buhu ta kwanta a jikinsa ta bar zane. Wato cikin wannan hali, Murtala ya samu fenti ya shafe rabinsu don gasa. Na kai shi sito na jingine kusa da namu da na Shinkafi. Rabi uku, gari biyu.

Nan rigima ta tashi. Lawali Mai Hagu, gwaninmu na Kaura, wanda in ya yi simash sai ka ji kamar an fasa faranti, shi ya fara.

"Alƙali, ba wani dogon turanci. Zurmi ba su zo ba. A ba mu wokoba mu wuce wurin."

Wokoba shi ne a ba ka ci ba ka buga ba, don abokin karawarka bai bayyana ba. Jamilu ya karɓe, "Kuma doka ta ce wanda ya yi fashi ya fita. Yaran garin Badarawa sun daɗe da yin rabinsu suna jiran gurbi. Ba mu muka kafa dokar ba, a kanmu anka kafa ta. Yau ta zo kan wasu sai a canza?"

Maganarsa na kan hanya, shi ya sa ta yi mani zafi. Na ce, "Ga rabinsu nan kuna gani."

Lawali ya yi dariya. "To ba shi bat ya buga."

Munka ɗunguma wurin Oga Sani. Yana zaune bakin rumfa, ya saurari kowa. Ya sa anka kawo mashi rabin Zurmi ya shafa da hannu, ya shinshina yatsunsa.

"Doka rabi da mutum tac ce," ya ce. "Rabi ya zo. Katako ba shi buga ƙwai. In babu mutum, Zurmi ta fita."

"Oga, hanya ce fa ta hana su."

"Na sani. Ban ce Murtala ba, ban ce gwani ba. Mutum nic ce, wanda anka yanke ma cibiya a Zurmi. Kai a alƙali. Nemo."

Shi kuma Alhaji mai sito ya aiko cewa ana saukowa daga sallar Juma'a buhunansa za su fara shiga, don bana kowa na gaggawar kwashe amfanin gona daga daji. Ga lokaci na gudu, ga ba waya.

Da ƙafa na bi Kaura. Gida-gida, duk inda na ji an sauki mutanen Zurmi. Baaba, na sha kallo. Wani ya ce shi kokawa ya iya, in akwai a sa shi. Wani ya ɗauka rabon kayan tallafi ne, ya tara mani 'yan'uwansa, da na fito da bat sunka watse suna tsaki. Wata tsohuwa ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, uwarka ta san abin da kaka yawo kana yi?" Na samu wani saurayi ya yarda, na ba shi bat ya riƙe kamar ludayi, na jefa mashi ƙwai ya kauce. Lawali na biye da ni a kan keke yana tsokana, "Alƙali, ga wani can da akuya, tambaye shi ko akuyar 'yar Zurmi ce."

Sai wani mai gyaran rediyo ya ce mani, "Je ka wurin Malam Isiya tela. An ce zamanin da yana kwalejin horon malamai ba a ja da shi."

Na same shi a barandar wani shago kusa da kasuwa, bisa keken ɗinki na aro. Dattijo ne siriri da furfura a gemu, tabarau ɗaure da zare. Tsohon malamin firamare ne a Zurmi, ya koma ɗinki, yanzu ya kwaso iyalinsa sun sauka gidan ƙaninsa. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana mashi komai. Ƙafarsa ba ta bar taka keke ba har na gama.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba Malam."

"Na bar gidana da gonata da gero tsaye. Rigar mutane nika ɗinki in samu na cefane. Kai kuma ka zo in bi ka in yi tsalle gaban yara. Tashi ka ba ni wuri."

"Baba Malam, ba sai ka ci ba. Tsayawa kawai za ka yi."

"Ka ji wata magana kuma. In tsaya a ci ni? Tashi."

Na tashi. Ban yi gardama ba, na gaya maku alƙali ba ya bayani sau biyu. Na koma sito na ari baro, na aza rabin Zurmi, na turo shi tsakiyar kasuwa mutane na kaucewa suna zagina, na zo na jingine shi jikin ginshiƙin barandar, daidai inda in ya ɗaga kai zai gani. Na koma gefe na zauna.

Ya ɗinka hannun riga ɗaya. Ya ɗinka na biyu. Sannan keken ya tsaya. Ya tashi ya zo ya sunkuya yana duban katakon, ya bi gefen da yatsa.

"Wanga aikin Murtala na," ya ce. "Ɗan Hassi. Ni na koya mai karatu aji uku. Har yau bai iya shafa gefe ba, dubi yadda ya bar shi." Ya kankare wani zaren buhu da farce. "Shi ya aiko shi?"

"Shi ne."

"Shi kaɗai, ba mutum?"

"Shi kaɗai."

"In ba a samu mutum ba fa?"

"An cire Zurmi. Badarawa za su shiga."

"Badarawa," ya ce, kamar ya tauna tsakuwa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Har yanzu ashirin da ɗaya kuka ƙirga?"

"Sha ɗaya ne yanzu, Baba Malam."

"Ragwaye. Kawo bat ɗin in gani."

Safiyar Juma'a na haɗa rabin Kaura da rabin Zurmi. Fentin nan ya ba ni wahala, zanen buhu ya sa ƙwai na ɗan tsayawa, sai da na bi shi da sanfefa mai laushi sama-sama, na yi gwajin kwalba har ya kai wuya. Na yanka silifa na cusa, na ɗaure raga. Ban yi shela ba, da mi zan yi? Amma magana ta zaga. Kafin in ɗago, sito ya cika. Ba 'yan wasa ba, mutanen Zurmi da ƙauyukanta da ke zaune Kaura. Har mai kokawar nan, har wanda ya kauce ma ƙwai. Mata sun tsaya daga bakin ƙofa da yara a kafaɗa.

Malam Isiya ya shigo da doguwar riga, ya naɗe hannu, ya cire takalmi ya ajiye gefe. Ya riƙe bat irin riƙon da, kamar alƙalami. Lawali ya matso kusa da ni ya rage murya, "Baaba, wannan ai kakana ne. Ya zan yi da shi?" Na ce, "Buga wasanka."

Lawali bai buga ba. Ya dinga ɗaga mashi ƙwai sama a hankali kamar mai wasa da jinjiri, ya jefa ɗaya cikin raga da gangan. Malam ya kama ƙwai da hannu ya aza bat bisa tebur.

"Kai, ɗan wa kake?"

"Ɗan Alhaji Mamman, Baba."

"To ɗan Alhaji Mamman, sadaka na zo nema wurinka? In Murtala na tsaye nan haka za ka buga mai?"

"A'a, Baba."

"To buga ni yadda za ka bugi Murtala, ko in sa takalmina. Zurmi ba ta zo a ji tausayinta ba."

Sito ya ɗauki ihu. Lawali ya kalle ni, na ɗaga kafaɗa. Sai ya saki hannu.

Ƙannena, an ci Malam. Ba zan yi maku ƙarya ba, ci anka yi mashi na fitar hankali. Ƙafa ba ta kai shi inda ido ke gani. Simash ɗin Lawali na wucewa yana juyowa bayan ƙwai ya riga ya bugi bango. Amma dattijon nan na da wani yanka da yake yi daga ƙasa, ƙwai ya zo kamar zai tsaya a iska, da ka taɓa ya nutse cikin raga. Da ya samu maki na farko da shi, na rantse sai da ƙura ta zubo daga rufin sito. Mai kokawa ya ɗaga wani yaro sama. Tsohuwar da ta yi mani maganar uwata, ita ce na ji tana guɗa daga ƙofa. Kowane maki ya samu sai an tsaya an jira hayaniya ta kwanta, ni kuma ban hana ba. Da anka yi canjin gefe ya koma bayan koren rabin, ya dafa shi da hannu biyu yana haki, ya ce, "To, yanzu gida nike." Ya samu maki huɗu a wannan gem ɗin. Jamilu ma ya kara da shi bayan ya huta, shi ma ya cinye shi, ya zagayo ya durƙusa ya gaishe shi.

Na tsaya tsakiya na faɗa da ƙarfi yadda Oga ya koya mani, don kowa ya ji: "Zurmi ta zo, Zurmi ta buga, Zurmi ta zo ta uku." Oga Sani na zaune bisa benci a kusurwa, ya ce, "Na ji." Maganar Badarawa ba wanda ya sake tayar da ita. Munka buga fainal da Shinkafi a gurguje, muna kwance raga masu dako na shigowa da buhun farko. Wa ya ci fainal ɗin? Ku tambayi mutane, rabinsu ba su tuna ba.

Malam ya sa takalminsa ya koma kan kekensa. Rabin Zurmi ya zauna rumfar Oga har hanya ta ɗan yi sauƙi, kuma da za a mai da shi, Malam Isiya ne ya hau motar tare da shi. Sai bayan an dawo da netiwok saƙon Murtala ya shigo. Iyaye ne sunka hana yaran tawagarsa fita, shi kuma ba zai bar mahaifiyarsa ba. Ya ce, "Na san dai in katako ya iso hannunka ba za ka bari ya jingina a banza ba." Na ce ya daina daɗin baki ya koyi shafa gefe.

Ba wai yanzu komai ya gyaru ba, kun sani na sani. Har jiya sai da munka tambayi labarin hanya kafin mu taso. Amma tun da na karɓi ragama gasa ba ta yi fashi ba ko sau ɗaya, kuma gari uku ne har gobe. Jiya a Shinkafi ƙanin Murtala ya yi ma Lawali dukan da sai da ya zauna ƙasa yana dariya, Zurmi ta ɗauke gasar bana. Ni ɗan Kaura ne, an ci garinmu, kuma tun jiya bakina bai rufu ba. Rabin nasu har yau da zanen buhu a jiki, Murtala ya hana a sake fenti.

Ni karatu ya fara yi mani yawa, ina neman wanda zan miƙa ma ragama. Kai ɗan aji ɗaya da ka ce mi ke ciki, ban yi fushi ba wallahi, har ka burge ni. Rabinmu ya sha ruwan sama a hanya jiya, yana rumfar Oga Sani ya fara bankarewa. Ka same ni can ranar Asabar. Kar ka zo da bat. Akwai sanfefa.